Tambayoyi da amsoshi kan kiɗan gogen Turawa: me ya sa na ɗan Rasha daban, na ɗan Italiya daban?

Duk wanda ya fara sauraron kiɗan bayolin na gargajiyar Turai, da farko duk ɗaya yake jinsa, kukan tsirkiya ne kawai mai tsawo ba baiti ba amshi. Sai an ɗan jima kunne ya buɗe sannan tambayoyi ke fara zuwa. Ga waɗanda aka fi yi, da amsoshinsu.

Wai bayolin ɗan'uwan gogenmu ne ko dai kama ce kawai?

Dangi ne amma na nesa. Rababar Larabawa ta shiga Turai ta Andalus da hanyoyin fatauci, ta haifi wani ƙaramin goge da suke ce wa rebec, shi kuma yana cikin kakannin bayolin. Bayolin ɗin da ake gani yau a arewacin Italiya ya bayyana a ƙarni na 16, garin Cremona ya fi suna wajen sassaƙa shi, gidan Amati suka fara sannan Antonio Stradivari wanda ya mutu a 1737, har yau nasa ne ake saye da miliyoyin daloli. Izgar doki ce a jikin bakan kamar dai na goge da kukuma, kuma shi ma sai an shafa mata ƙaro take kama tsirkiya. Bambancin da ya fi girma shi ne goge tsirkiya ɗaya, bayolin huɗu, to mai bayolin yana iya goga biyu a lokaci ɗaya ka ji kamar mutum biyu ne ke kiɗa.

Kiɗa ne ba baki, to ta ina rayuwar mai tsara shi za ta shiga ciki?

Mutane suna son a ce musu ta soyayya da hawaye take shiga, amma gaskiya ƙofar farko ita ce wa ke biyan albashi. Kamar makaɗin fada ne, abin da ubangida ke so da irin taron da za a yi su ke yanka masa kiɗan da zai yi, gwanintarsa kuma a cikin wannan iyakar take fitowa.

Ɗauki Antonio Vivaldi, ɗan Venis, limamin coci ne mai jan gashi har ana masa laƙabi da hakan, amma ciwon ƙirji ya sa ya daina jagorantar ibada tun da wuri. A 1703 ya kama aikin koyar da bayolin a wani gidan marayu da ake kira Pietà, inda ake ajiye jariran da aka yar, akwai ma wata 'yar kafa a jikin bango da uwa za ta sa jariri ta wuce ba wanda ya gan ta. 'Yan matan gidan da aka ga suna da kai sai a koya musu kiɗa, suna yi a bayan wani shinge na ƙarfe yadda masu sauraro ba sa ganin fuskarsu sosai, kuma baƙi daga ƙasashen Turai suna zuwa takanas don su ji su, da kuɗin da ake samu ake taimaka wa gidan. Daga 1723 har yarjejeniya aka yi da shi zai riƙa kawo koncerto biyu duk wata (koncerto shi ne kiɗan da gwani ɗaya ke gaba, ƙungiyar makaɗa na mara masa baya suna karɓa-karɓa). Shi ya sa in aka ce maka ya rubuta koncerto wajen 500, sama da 200 na bayolin, kar ka yi mamaki, aiki ne na wata-wata, kuma gajeru ne masu saurin kama kunne don an yi su ne a buga yau a kawo sabo gobe. Akwai wata ɗalibarsa Anna Maria da ya rubuta wa fiye da 20 ita kaɗai, wahalar da ke cikinsu ita ke nuna maka irin hannun yarinyar.

Shi kuma Johann Sebastian Bach, a Jamus, yawancin rayuwarsa kiɗan coci ya yi, amma daga 1717 zuwa 1723 yana aiki a fadar wani yarima Leopold a Köthen, kuma ɗariƙar fadar ba ta son kiɗa mai yawa a cikin ibada. Sai Bach ya samu sararin yin kiɗan da ba na coci ba, a nan ya kammala guda shida na bayolin shi kaɗai ba rakiya, takardar da ya rubuta da hannunsa tana ɗauke da 1720. Da a ce ubangidan nasa mai son kiɗan coci ne wataƙila da ba a same su ba.

Da gaske ne a wani kiɗan Vivaldi ana jin haushin kare?

Da gaske ne. The Four Seasons ke nan, koncerto huɗu kan lokutan shekara huɗu na ƙasarsu, an buga su a Amsterdam a 1725, kowanne da 'yar rubutacciyar waƙa da ke faɗin abin da ke faruwa, kuma ya rubuta bayanin a kan takardar kiɗan daidai inda abin yake. A na farko, sashe na tsakiya mai sanyi, makiyayi ne ya kwanta barci a makiyaya, bayolin ɗin gaba yana jan wani sauti mai laushi, sauran suna motsi a hankali kamar ganye, sai kuma babbar 'yar'uwar bayolin da ake kira viola tana ta maimaita sauti biyu da ƙarfi, ɗaya gajere ɗaya dogo, daga farko har ƙarshe, wannan shi ne karen. In ba a gaya maka ba za ka ɗauka rakiya ce kawai, in ka sani kuwa ba za ka ƙara iya rashin jinsa ba. A na zafi akwai ƙudaje da tsawa da ƙanƙara, a na girbi akwai manoman da suka bugu suka ɓingire, a na sanyi haƙora na kaɗawa sannan ruwan sama na ɗiga a waje, makaɗan suna tsinkar tsirkiya da yatsa maimakon gogawa.

Duk da haka mutumin a talauce ya mutu a Biyana a 1741, aka manta da shi kusan shekara 200, sai da aka gano tarin takardunsa aka kai su laburaren Turin wajen 1926 zuwa 1930 sannan ya dawo.

An ce Bach ya yi Chaconne ne don makokin matarsa, haka ne?

Abin da aka tabbatar shi ne a 1720 Bach ya raka yarima wani garin wanka da ruwan magani, Karlsbad, ya bar matarsa Maria Barbara lafiya lau, da ya dawo a watan Yuli ya tarar har an binne ta. Kuma a shekarar ne ya rubuta takardar da Chaconne ke ciki, kiɗa ne na kusan minti 15, bayolin ɗaya tal, an ɗauki 'yar gajeriyar jimla ana ta juya ta sau fiye da 60, ya fara da nauyi, a tsakiya ya washe kamar an buɗe taga, sannan ya koma duhunsa. Wata malamar kiɗa 'yar Jamus, Helga Thoene, ta ce akwai waƙoƙin coci na mutuwa a ɓoye a ciki, mutane da yawa sun so maganar, masana da yawa kuma ba su yarda ba, don 1720 shekarar da ya kwafe su ne tsaf, ba lallai shekarar da ya ƙirƙire su ba. Ni a ganina labarin yana da daɗi fiye da yadda yake da hujja. Wani abin dariya ma, asalin chaconne rawa ce da ta shigo Sifen daga yankunan da ta mallaka a nahiyar Amurka, rawar da malaman coci suke kuka da ita wai ba kunya a ciki, ita ce Bajamushe ya ɗauka ya mayar abin da yau mutane ke saurara suna share hawaye.

Wato ba lallai mai baƙin ciki ya yi kiɗan baƙin ciki ba ke nan?

Ko kaɗan. Pyotr Tchaikovsky ya yi aure a 1877 da wata Antonina Milyukova, auren da tun ranar farko ya san kuskure ne, bai yi wata uku ba ya gudu, hankalinsa ya kusa gushewa, 'yan'uwansa suka fitar da shi daga Rasha. A farkon 1878 yana wani ƙauye Clarens a bakin tafkin Janiba, sai tsohon ɗalibinsa mai bayolin Iosif Kotek ya zo masa da sababbin takardun kiɗa suka zauna suna bugawa, shi a fiyano yaron a bayolin, kawai sai abin ya motsa masa, cikin kusan wata ɗaya ya gama koncerton da yau yana cikin waɗanda aka fi bugawa a duniya, kuma in ka saurara walwala ce da rawa da zumuɗi, ba za ka taɓa cewa mutumin da ya fito daga wancan halin ne ya yi ba. Abin da ke ciki ba auren ba ne, samun sauƙin da ya biyo baya ne da kewar gida.

Amma akwai inda rayuwa ke shiga kai tsaye ba kwana. Alban Berg ɗan Biyana yana cikin tunanin koncerton da aka ba shi kwangila a 1935 sai 'yar abokansa Manon Gropius ta mutu tana da shekara 18 bayan cutar shan inna, ya rubuta a kai cewa don tunawa da wata mala'ika ne, kashin farko hoton yarinyar, na biyu ciwon da mutuwar, a ƙarshe ya jawo wata tsohuwar waƙar coci da Bach ya tsara ta miƙa wuya ga mutuwa. Shi kansa Berg ya mutu a Disambar shekarar, bai ji an buga ba, a Basalona aka fara bugawa a 1936.

Paganini fa, wai da shaiɗan ya ƙulla yarjejeniya?

Haka aka yi ta yaɗawa yana raye, tikiti kuma na ta sayuwa. Niccolò Paganini ɗan Genoa ne, an haife shi 1782, ubansa ya tsare shi da horo tun yana ƙarami har da hana shi abinci in bai yi atisaye ba, ya tashi dogo siriri, yatsunsa na lanƙwasuwa fiye da na mutane, daga baya ciwo ya rame da shi haƙora suka zube, ga baƙaƙen kaya, to ka ga irin wannan mutum a dandamali yana buga kiɗa guda cur a kan tsirkiya ɗaya ai dole a yi magana. Zamaninsa ne ya bambanta da na su Bach, shi ba yarima ke ciyar da shi ba, jama'ar da ta sayi tikiti ce, don haka dole kiɗan ya zama abin kallo, kuma yana ɓoye takardunsa, bayan wasa a tattare na makaɗa a mayar masa kar wani ya kwafa. Italiyancin da ke ciki kuwa shi ne tsakanin tsalle-tsallen nan bayolin ɗin waƙa yake yi irin ta mawaƙan opera (wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa), ƙasar su Rossini ce ai, kuma abokinsa ne.

Jita-jitar ta bi shi har kabari. Ya mutu a Nice a 1840 bai karɓi addu'ar ƙarshe ta coci ba, bishop ya hana a binne shi a maƙabartar coci, aka yi ta yawo da gawar shekara da shekaru, sai 1876 aka binne shi a Parma. Bayolin ɗinsa da Guarneri ya sassaƙa yana nan ajiye a Genoa.

Ta yaya kunne ke gane wannan na ƙasa kaza ne?

Mafi sauƙi shi ne jira sashen ƙarshe, a nan suke sakin rawar garinsu. Ƙarshen koncerton Tchaikovsky rawar ƙauyen Rasha ce mai buga ƙafa, har da sautin da ke tsayawa wuri ɗaya a ƙasa irin na makaɗan ƙauye, shi ya sa da aka fara bugawa a Biyana a 1881 wani babban mai sharhi Eduard Hanslick ya yi kaca-kaca da shi, ya ce an lakaɗa wa bayolin duka, ya ce yana jin warin barasar talakawa, har ya ce ashe akwai kiɗan da ke yi wa kunne wari. Abin da ya tsana shi ne daidai abin da Tchaikovsky ya sa da gangan.

Antonín Dvořák ɗan mahauci ne a wani ƙauye kusa da Prague, lokacin da Cek ke ƙarƙashin daular Ostiriya kuma Jamusanci ne harshen ofis da na masu ilimi. A ƙarshen koncertonsa ya sa rawar furiant wadda lissafinta ke ruɗa ƙafa, ka ɗauka bibbiyu ake ƙirgawa sai ka ji ya koma uku-uku, a tsakiya kuma ya sa dumka mai ɗan jimami. A irin wannan lokaci sa rawar ƙauyenku a cikin tsarin da Jamusawa ke alfahari da shi ba ado ba ne kawai, magana ce ake yi cewa mu ma al'umma ce. Haka Henryk Wieniawski ɗan Polan ya yi ta rubuta kiɗan raye-rayen ƙasarsu, mazurka da polonaise, a lokacin da babu ma ƙasar Polan a taswira, an raba ta tsakanin Rasha da Prussia da Ostiriya.

Jean Sibelius na Finlan shi nasa ya fi wuyar kamawa don ba ya ɗauko waƙar ƙauye kai tsaye. Burinsa tun yana saurayi ya zama gwanin bayolin, amma ya fara a makare, a 1891 ya je gwajin shiga babbar ƙungiyar makaɗan Biyana ba su ɗauke shi ba, ya haƙura ya koma tsarawa. Koncerto ɗaya tal ya rubuta a rayuwarsa, na bayolin, kuma ya cika shi da wahala kamar yana rubuta wa gwanin da bai samu ya zama ba. Bugun farko a Helsinki a 1904 bai yi kyau ba, bashi ya yi masa katutu ga shaye-shaye, ya gama a gurguje, wanda ya buga kuma abin ya fi ƙarfinsa, sai ya janye ya gyara aka sake a Balin a 1905. Saurari minti ɗaya na farko, bayolin da yawa suna rawar ɗari ƙasa-ƙasa kamar ba sa so a ji su, sai guda ɗaya ya shigo daga sama siriri, mutane suna cewa suna ganin ƙanƙara da dajin arewa, ko da yake wani ɓangaren hakan don an riga an gaya musu ɗan Finlan ne.

Ke nan sai ɗan ƙasa ne ke iya yin kiɗan ƙasar?

A nan maganar ke ruɓewa. Ɗaya daga cikin shahararrun kiɗan bayolin masu ƙamshin Sifen, Symphonie espagnole na 1874, Bafaranshe ne ya yi, Édouard Lalo, ya yi wa Pablo de Sarasate ɗan Pamplona. Shi kuma Sarasate ɗin da yake ɗan Sifen na gaske, kiɗansa da ya fi fice, Zigeunerweisen na 1878, salon makaɗan Roma na Hungari ne (Roma ƙabila ce, waɗanda Turawa ke kira Gypsy, ba birnin Rum ba). Max Bruch Bajamushe ya yi Scottish Fantasy da waƙoƙin Sikotlan da ya samo a littafi. Johannes Brahms ɗan Hamburg ne amma ƙarshen koncertonsa Hungari ce zalla, don yana ɗan shekara 20 ya yi yawon wasa da wani mai bayolin ɗan Hungari Eduard Reményi, kuma wanda ya rubuta wa koncerton, Joseph Joachim, shi ma haifaffen can ne. To sau da yawa abin da ake kira sautin ƙasa kaza aro ne, wani lokacin ma hoton da baƙo ya zana ne 'yan ƙasar suka karɓa.

Kuma a lura da Roma ɗin nan, mutanen da Turai ta yi ƙarnoni tana kora da wulaƙantawa, salon gogensu ne, jan sauti da kuka da fara a hankali a ƙare a guje, manyan masu tsara kiɗa suka yi ta ɗiba suna suna da shi.

Me ya sa kiɗan Bartók ke da kaushi haka?

Don da gangan ya guje wa wancan zaƙin. Béla Bartók ɗan Hungari ya gane cewa abin da ake sayarwa a birni da sunan kiɗan Hungari na gidajen shan shayi ne, ainihin na manoma daban yake, sai daga 1906 shi da abokinsa Zoltán Kodály suka ɗauki na'urar ɗaukar murya ta Edison mai naɗa a jikin kakin zuma suka shiga ƙauyuka, suna lallaɓar tsofaffin mata da makiyaya su yi waƙa a bakin ƙahon na'urar, ya dawo gida ya zauna ya rubuta kowane lanƙwasa da kowace gargada yadda take bai gyara ba. Dubban waƙoƙi ya tara, na Hungari da Romaniya da Sulobakiya, a 1913 ya je har Biskra a Aljeriya ya ɗauki kiɗan Larabawan ƙauye, a 1932 ya halarci taron kiɗan Larabawa a Alƙahira. Abin da ya samo shi ne lissafin da ba ya rabuwa daidai, da sautukan da ba sa zama inda kunnen Biyana ke jira, da gogen ƙauye mai ƙarfi wanda ba ruwansa da laushi. In za ka fara, fara da Romanian Folk Dances, gajeru ne guda shida, asali na fiyano ne a 1915, abokinsa Zoltán Székely ya mayar da su na bayolin.

Bartók ya bar Hungari a 1940 saboda ƙasar ta bi Hitler, ya je New York ba kuɗi ba lafiya, gwanin bayolin Yehudi Menuhin ya ba shi aikin sonata (dogon kiɗa mai sassa na makaɗi ɗaya ko biyu) ta bayolin shi kaɗai, aka buga a 1944, a 1945 sankarar jini ta kashe shi.

Gwamnati na iya sa baki a kiɗan da ba kalma ko ɗaya a ciki?

Sosai ma. Dmitri Shostakovich yana tsakiyar rubuta koncertonsa na farko na bayolin a farkon 1948 sai jam'iyyar kwaminis ta Tarayyar Sobiyet ta fitar da sanarwa ƙarƙashin Andrei Zhdanov tana la'antar shi da su Prokofiev wai kiɗansu ba na talakawa ba ne, ya rasa aikin koyarwarsa, ya koma yin kiɗan fim don ya ci abinci. Koncerton ya gama shi ya sa a durowa, don ya san abin da ke ciki, ya fara da dogon kiɗan dare mai nauyi, ga rawa mai kama da dariyar dole, ga ƙamshin kiɗan Yahudawa a lokacin da Stalin ya fara farautarsu. Sai bayan Stalin ya mutu a 1953 aka fito da shi, David Oistrakh ya buga a Leningrad a 1955. Akwai wani dogon wuri kafin ƙarshe da bayolin ke shi kaɗai na mintuna yana hawa yana hawa, Oistrakh ya roƙe shi ya bar ƙungiya ta fara sashen ƙarshe ko ya samu ya share gumi, Shostakovich ya gyara masa.

A Jamus ta Nazi kuma koncerton Felix Mendelssohn, wanda tun 1845 kusan kowane ɗalibin bayolin ke koyo, hana shi aka yi saboda asalin gidansu Yahudawa ne duk da an yi masa baftisma tun yana yaro, a 1936 har mutum-mutuminsa suka cire a Leipzig.

Wa ya fi tasiri, mai tsarawa ko mai gogawa?

Yawancin manyan koncerton nan mutum biyu ne suka yi su ko da sunan ɗaya ne a kai. Brahms ɗan fiyano ne, sai da ya yi ta aika wa Joachim takardu yana gyara masa inda yatsa ba zai kai ba. Mendelssohn ya shafe shekara shida yana shawara da mai bayolin Ferdinand David. Na Beethoven da aka fara bugawa a 1806 bai karɓu ba sai 1844 da Joachim ɗin nan, yana ɗan shekara 12, ya buga shi a Landan. Shi ne kuma ya yi ta sa Dvořák gyara nasa har shekaru, ƙarshe bai ma buga ba, wani ɗan Cek František Ondříček ne ya buga a 1883.

Akwai baƙar fata a cikin wannan tarihi kuwa?

Akwai, an dai daɗe ba a faɗa. Joseph Bologne, wanda aka fi sani da Chevalier de Saint-Georges, an haife shi a tsibirin Guadeloupe a 1745, ubansa Bafaranshe mai gonar rake, uwarsa Nanon baiwa ce 'yar asalin Afirka. A Faris ya zama gwanin takobi kuma gwanin bayolin, ya jagoranci ɗaya daga cikin ƙungiyoyin makaɗa mafi kyau a Turai, ya rubuta koncerto fiye da goma da ke kai yatsa can ƙololuwar tsirkiya, amma a 1776 da aka so ba shi shugabancin gidan opera na Faris sai manyan matan gidan uku suka kai ƙara wurin sarauniya cewa ba za su karɓi umarni daga ruwa-biyu ba, maganar ta mutu.

George Bridgetower, ubansa baƙar fata ne, shi Beethoven ya rubuta wa babbar sonatarsa ta tara, tare suka buga ta a Biyana a watan Mayun 1803, Beethoven bai ma gama kwafe ta ba har Bridgetower na leƙa takardar fiyano ta kafaɗarsa. Suka ɓata daga baya, Beethoven ya cire sunansa ya sa na Rodolphe Kreutzer, mutumin da bai taɓa buga ta ba, yau kuma duniya da sunan Kreutzer ta san ta. Samuel Coleridge-Taylor ɗan Ingila wanda ubansa ɗan Saliyo ne ya yi koncerto a 1912, shekarar da ya mutu. Florence Price ta Amurka, koncertonta biyu na bayolin a 2009 aka tsinto su cikin takardu a wani gidan da aka yasar a jihar Illinois, shekara 56 bayan mutuwarta. A Najeriya akwai Fela Sowande haifaffen Abeokuta, African Suite ɗinsa na 1944 na kayan tsirkiya ne, ya gina shi da waƙoƙin Najeriya da Gana.

In bayolin ya bar Turai yakan canza?

Yakan canza har da yadda ake riƙe shi. A kudancin Indiya tun farkon ƙarni na 19 Baluswami Dikshitar ya koya wurin Turawa a Madras ya shigar da shi kiɗan gargajiyarsu, suka sake ɗaurin tsirkiyoyin, mai kiɗan yana zaune a ƙasa ya harɗe, ya jingina kan bayolin ɗin a idon sawu don hannun hagu ya samu sakewa yana zamewa daga sauti zuwa sauti yadda muryar mawaƙinsu ke yi, duk wanda ya tashi da finafinan Indiya ya san wannan kukan ko bai san sunan abin ba. A Sin wasu ɗalibai biyu a Shanghai, He Zhanhao da Chen Gang, sun yi koncerton Butterfly Lovers a 1959 kan wata tsohuwar tatsuniyar masoya, suka sa bayolin yana kwaikwayon erhu, gogensu mai tsirkiya biyu, ba a jima ba juyin juya halin al'adu na Mao ya zo aka hana buga shi na shekaru. A Masar layin masu bayolin ne ke bayan Ummu Kulsum, a Sudan kuma shi ne ke gaba a kiɗan Omdurman mai sauti biyar wanda kunnen Bahaushe ke kamawa nan take. Abin da ya ba shi wannan dama shi ne wuyansa sumul yake ba ƙarafan da ke raba sauti kamar na jita, yatsa na iya tsayawa ko'ina, har a tsakanin sautuka biyu na fiyano inda sautukan kiɗan Larabawa da yawa suke zama.